Wanke-wanken Tsoho

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baffa da 'yan koyon ɗinkinki. Yaya gwiwar? Kin ce in na iso in rubuto da hannuna, wai maganar waya da an ajiye ta bi iska. To ga shi na rubuto, sai ki gyara zama, don tambayoyi na tara miki. Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta yi mini sannu da zuwa.

Gidan da aka ba ni ɗan ƙaramin bene ne, matakalarsa ta katako, duk wanda ya taka sai ta kai ƙararsa. Ɗakin 'yarsu nake kwana, don ita ma ta tafi wata ƙasa irin wannan karatu na musayar ɗalibai. Takalmanta na nan ƙarƙashin gado, ƙafarta ta fi tawa girma. Uwargidan ma'aikaciyar jinya ce. Maigidan direban bas ne na cikin gari, wani lokaci shi ke jan bas ɗin da ke kai ni makaranta, kuma sai ya sa na nuna masa katina kamar bai taɓa ganina ba. Sai mahaifin Uwargida, wanda a da kafinta ne. Tsoho nake ce masa a raina, a fili kuma Kaka.

Mutanen kirki ne, amma suna da abin mamaki. Ranar da na iso aka ce in ƙara abinci, na ce na ƙoshi, ina jiran a matsa mini. Goggo, sai suka yarda. Aka kwashe komai, na kwana cikina na kiran sunana.

Amma ga babbar tambayar. A kicin akwai injin wanke kwanuka, sabo fil, an zare wayarsa daga soket, tsummokaran goge-goge ake ajiyewa a ciki. Da an gama cin abinci sai Tsoho ya miƙe, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya tsaya gaban famfo yana wanke kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa na hagu rawa yake, sai ya tokare faranti da ciki yana gogewa da na dama. Abin da zan gama kafin ruwan shayi ya tafasa, shi sai ya kai har a gama labaran yamma. 'Yarsa kuwa na zaune tana shan shayi, surukinsa na karanta jarida. Na tashi zan karɓa, Uwargida ta ce, "Bar shi, aikin Baba ne." Na koma na zauna kamar a kan ƙaya. Farantan gidan ma babu biyu masu kama ɗaya. Me kike gani ke faruwa?

Abin da ya sa na damu, malamar da ke kula da mu ta ce ƙarshen zangon farko za ta zo ta tambayi masu gida ko suna so a bar musu ɗalibarsu. In suka ce a'a, sai a kwashe mutum zuwa ɗakin kwanan ɗalibai. Ina son gidan nan, kuma ba na so a ce 'yar da kika raina an maido ta.

Ki gaishe mini da Baffa da kowa.

Taki,
Uwar Tambaya

*

Uwar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba. Baffanki na gaishe ki, ya ce ki riƙa rufe wuyanki saboda murar.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun da tabarau, don na ɗauka idona ne. Wato kina zaune, ƙatuwa da ke, tsoho mai furfura na wanke kwanon da kika ci abinci a ciki? A gidan wa kika ga haka? Ni na raine ki ko wata?

Wannan "bar shi" da ta ce miki kara ce. Ni ma in baƙuwa ta ɗauki tsintsiya a gidana cewa nake bar shi, amma ina kallonta ta gefen ido in ga ko za ta bari. Wadda ta bari, na gama saninta. Gwada ki matar ke yi, kuma kin faɗi gwajin farko. Batun sun yarda kin ƙoshi kuwa, wannan maganinki ke nan, gobe kya ƙara yi wa cikinki ƙarya.

Injin da kike tambaya, tsoron kuɗin wuta ne, sun samu tsoho na banza. Ba ruwanki da yadda suka ga dama su riƙe mahaifinsu, kada ki buɗe baki ki yi musu wa'azi, ba a kai ki can don ki gyara musu gida ba. Ke dai ki riga shi. Da kin haɗiye lomar ƙarshe ki miƙe ki kama famfon. In ya yi magana ki yi murmushi ki ce ya huta. Da safe ki tashi kafin kowa, kada ya tarar da ko cokali. Ki yi haka ki gani, in malamar taku ta zo su da kansu za su roƙa a ƙara musu ke shekara guda.

Ki rubuto mini yadda tagoginsu suke, da irin labulen da suke sawa, da yadda ake naɗe bakinsa. Ina so in gani ko da abin da zan kwaikwaya.

Goggonki

*

Goggona,

Gaisuwa mai yawa. Murar ta tafi. Ki ce wa Baffa wuyana a rufe yake har ina gumi. Labulensu ba a naɗe bakinsa da zare, wata 'yar sarƙa ake zurawa a ciki don ya tsaya cak, na zana miki a bayan takardar nan.

Na bi maganarki. Ranar farko na riga Tsoho zuwa famfo, ya zo ya tsaya a bayana da tawul a hannu. Na ce ya huta. Ya ce bai gaji ba. Na yi murmushin da kika ce, na ci gaba. Uwargida ta sake cewa in bari, na ce ai ba komai, jin daɗi nake. Ta dubi mijinta, shi kuma ya ɗaga jarida ya rufe fuska. Ban ɗauki lokaci ba na gama, har tukwane na goge suka yi ƙyalli. Tukwanen da yakan jiƙa su kwana don ya kankare da safe, yanzu kafin ya sauko na gama da su na kife.

Makaranta lafiya lau. Malamin lissafinmu a kan tebur yake zama yana kaɗa ƙafa, ɗalibai na yi masa musu yana jin daɗi. Na fara jin yarensu sosai, har na yi wa mai kantin burodi ciniki, ya yi ta dariya ya kira matarsa ta zo ta gan ni.

Sai dai akwai abin da ban gane ba. Da farko Tsoho yakan zauna a kujera yana kallona ina wankewa. Daga baya ya daina zama, da ya gama ci sai ya hau sama. Yanzu kuma ba ya saukowa cin abincin safe, sai a kai masa a tire. Jiya na gan shi a bakin ƙofar ɗakinsa da rigar barci da tsakar rana, bai aske gemu ba, shi da kullum fes yake. Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Uwargida ma ta rage hira da ni. Ba ta yi mini faɗa ba, amma in na shigo kicin sai ta tuna tana da abin yi a wani ɗaki. Shekaranjiya ta ce tana so mu zauna mu yi magana kafin malamarmu ta zo, sai aka kira ta asibiti, maganar ba ta yiwu ba.

Ko kin san me ke sa mutum ya samu hutu kuma ya rame?

Taki,
Uwar Tambaya

*

Uwar Tambaya,

Lafiya muke. Sarƙar labulen na gwada, ta yi kyau, har wata ta ce in yi mata irinsa.

Yanzu na ji magana. Tsohon nan gajiyar shekaru ce ke fita daga jikinsa, ki bar shi ya yi barcinsa. Ita kuma matar kunya ce ta kama ta, baƙuwa ta zo ta nuna mata yadda ake riƙon uba. Maganar da take so ku yi, godiya ce, ki karɓa da ladabi kada ki yi rawar kai. Ki ƙara da share matakala da guga in kin samu sarari.

Amma me ya sa kika yi shiru haka? Tun waccan takardar ban sake ganin komai ba. Kullum sai na aika a duba akwatin gidan waya. Baffanki ya ce in kira ki, na ce ba zan fara ba, ni na kafa dokar. In ba ki da lafiya ne ki faɗa, kada ki ɓoye mini.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalinki. Shirun da na yi, rasa yadda zan rubuta na yi, don raina a ɓace yake, da kaina da ke ma kaɗan. Takardarki ta iso bayan an riga an yi maganar, kuma ba godiya ba ce.

Ranar hutunta Uwargida ta ce in raka ta shanya a bayan gida. Muna shanyawa ta ba ni labari. Shekarun baya Tsoho ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya daɗe a kwance, ya daina magana da kowa, abinci ma sai an yi da gaske. Mai gasa masa jiki ta ce a nemo masa abin da zai riƙa yi da hannun a cikin ruwan ɗumi, suka sa masa roba da ƙwallaye, ya ce shi ba jariri ba ne, ya ture. Wata rana Uwargida ta dawo daga aiki a gajiye ta bar kwanuka a famfo ta kwanta. Da ta farka ta tarar da shi a tsaye, ya jingina da kantar kicin, ya wanke kofi biyu ya fasa uku. Ta ce a ranar suka zare wayar injin, shi kuwa sabo ne, ba su daɗe da saye ba. Farantan da ba su kama da juna, na gwanjo ne suke sayowa don ya fasa son ransa. Zaman da take yi da shayi, gadinsa take kada ya faɗi, kuma ta ce ba abin da ya fi mata wuya kamar ta hana hannunta kai masa agaji.

Ta ce, "Sau biyu na ce miki ki bari. Ban san yadda ake faɗa ki ji ba." Na ce a gida in an ce bari, ana nufin a ga ko za ka bari. Ta tsaya da rigar mijinta a hannu tana kallona, ta ce to in da gaske ake so ka bari fa, me ake cewa? Goggo, na kawo miki tambayar. Ke me kike cewa?

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini tun farko ba. Ta ce Tsoho ya hana a riƙa ba baƙi labarin ciwonsa, ba ya so a dube shi da tausayi.

Tun ranar na cire hannuna daga wanke-wanke, amma bai sauko ba. Kwanuka suka taru, aka bar su da gangan har kicin ya fara wari, bai ko leƙo ba. Ya gaya wa 'yarsa tunda gida ya samu mai sauri, a ƙyale shi. Na je bakin ƙofarsa na ba shi haƙuri, ya ce ban yi laifin komai ba, na iya aiki, Allah ya yi mini albarka, ya tura ƙofa. Jiya Maigida ya mayar da wayar injin cikin soket. Ƙararsa kawai nake ji in ji kamar in nutse.

Uwargida ba ta ɓoye mini ba. Ta ce tana sona, amma in malamarmu ta zo mahaifinta na nan a kwance, za ta ce a canza mini wuri, ko rashin ganina zai sa ya sauko. Ban ga laifinta ba. Malamar kuwa ta kusa zuwa.

Taki

*

Ɗiyata,

Na samu takardarki. Muna lafiya, amma ban iya taka keken ɗinki ba ranar da na karanta ta.

Na auna gidan mutane da tef ɗin gidana, na yanka, ga shi bai shige su ba. Laifin nawa ne, ki sauke shi daga kanki. Tambayarki kuma na juya ta na juya, har na tambayi Baffanki, ya ce shi shekara da shekaru yana ce mini bari ban taɓa bari ba, don haka kada in tambaye shi.

Ga abin da na sani. 'Yan koyona in suka ga ina laluben kafar allura sai wata ta yi wuf ta karɓa ta zura mini zare. Don Allah take yi, amma ji nake kamar in make ta. In kuma ta dawo tana ba ni haƙuri, haushin ya ninku, don ta sake tuna mini idona ya tafi. Abin da ke wanke mini rai shi ne wata ta kawo mini wuyan riga ta ce, Goggo, wannan sai ke. Saboda haka ki daina ba shi haƙuri. Ki kai masa aiki.

Yadda za ki kai masa, ban sani ba. Ni dai ko a mafarki ban taɓa miƙa wa babba kwanon da na ci abinci ba. In kuma an canza miki wuri, ba wanda ya isa ya ce an maido ki, ni zan tsaya a gaban mai faɗa.

Goggonki

*

Goggona,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, kin koma kan kekenki. Takardarki ta iso ana jibi malamar za ta zo.

Washegari ba makaranta, Uwargida na asibiti, Maigida na kan hanya. Na ci abincin rana ni kaɗai, na bar farantin da maiƙo da komai, na ɗauka da cokalin a ciki na hau sama. Sau biyu ina juyowa daga tsakiyar matakala. Na ƙwanƙwasa, ya buɗe, na miƙa masa da hannu biyu, kaina a ƙasa, na ce, "Kaka, na gama." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, sai nake ji kamar kina tsaye a bayana.

Ya daɗe yana kallon farantin. Ya ce ba ga inji can ba? Na ce injin ba ya fitar da maiƙo a gefe, kuma ni an hana ni. Ya ce wa ya hana ni. Na ce Goggona. Ya ce wace ce haka, na ce wata tela ce mai faɗa. Sai ya miƙo hannu, na hagun, ya karɓa. Farantin ya karkace, cokali ya faɗi ya gangara matakala. Jikina ya yunƙura zai bi shi, na riƙe ƙarfen matakala na tsaya. Shi ya sauka a hankali, ya tsuguna da ƙyar ya ɗauka, ya wuce kicin da rigar barcinsa.

Na zauna a kujerar Uwargida, na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na danne. Ya zare wayar injin da kansa, ya buɗe shi ya fito da kwanukan safe da ba a wanke ba tukuna, ya jera a famfo. Hannun ya yi tauri saboda kwanciya, kofi ɗaya ya suɓuce ya fashe. Ban motsa ba. Hawaye na zuba, hancina na yoyo, ban ma iya sharewa ba don na san in na saki hannun nan sai ya kai ga tsintsiya. A haka Uwargida ta shigo ta same mu. Ta ajiye jaka, ta dafa shayi kofi biyu, ta ja kujera kusa da ni.

Da malamar ta zo, an zauna a falo, ta yi tambayarta. Uwargida ta ce ba ita za ta amsa ba, ta juya wajen mahaifinta. Ya sha aski, ya sa riga mai maɓalli. Ya ce yana da ƙorafi a kaina. Malamar ta gyara biro. Ya ce yarinyar nan tana sauri kamar ana korarta, kuma tana suɗe faranti tas har mutum ya rasa abin wankewa. "A bar ta nan," in ji shi, "sai ta koyi ɓata kwano."

Don haka ina nan har ƙarshen shekara. Ya ce a gaishe da tela mai faɗa.

Roƙona ɗaya, Goggo. In mutanen gida suka tambaye ki yadda nake, ki ce ina karatu, ina lafiya. Kada ki gaya wa kowa cewa 'yar da kika raina kullum tana zaune da kofin shayi, tsoho mai furfura na wanke mata kwano, kuma wannan ne aiki mafi wuya da ta taɓa yi.

Taki har kullum,
Uwar Tambaya